Tela Ba Ta Ciwo a Watan Sallah

A unguwarmu ba sai an duba kalanda ake sanin Sallah ta matso ba, kunne ne yake fara sani. Kekunan ɗinkin da suka saba yin shiru bayan Isha'i sai su kai har kiran assalatu suna kuka, idan an ɗauke wuta janareto ya taya su. Ragunan da aka janyo daga kasuwar Witiyem ta Tsinga suna ɗaure a bakin ƙofofi, na wannan lungu yana amsa wa na wancan. Yara ba sa barci, iyayensu mata ba sa zama. Ni kuwa tun kafin a ce an ga watan Zulhajji jikina ya riga ya ba ni labari. Kafaɗuna su yi nauyi kamar an ɗora mini buhun siminti, gabana ya riƙa faɗuwa ba tare da kowa ya yi mini komai ba. A da, da wani ya ce mini wata rana zan ji tsoron Sallah, da dariya zan yi masa.

Sunan unguwar Birikiteri, amma mu Birik muke cewa. Tana tsakiyar Yawunde, babban birnin Kamaru. Sunan daga Faransanci ya fito, ma'anarsa wurin buga tubali, domin an yi masana'antar tubali a wurin tun zamanin Jamusawa; 'yan ƙasa Ewondo kuwa Ekudu suke kiran wurin. Duk baƙon da ya sauka a garin nan yana neman tsire mai kyau, ko atamfa, ko tela, ko babban masallaci, nan za a nuna masa. A nan aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma a nan nake hayar ɗan shagon da na shekara goma sha bakwai ina ɗinkin mata a cikinsa.

Sai na fara da faɗin laifina kafin in faɗi na kowa. Mai karatu ya san ƙaryar tela. “Gobe in sha Allahu.” “Saura maɓalli kawai.” “An ɗauke mana wuta.” Idan duk waɗannan sun ƙare, sai a ciro babbar: “Wallahi ba ni da lafiya.” Babu wadda ban yi ba a lokacin da nake da ƙarfina, Allah ya yafe mini. To, ranar da ciwon gaske ya zo, sai na tarar na riga na kashe kalmar da bakina. Idan tela ta ce ba ta da lafiya saura kwana goma Sallah, babu mai jin labarin jikinta, labarin kayansa yake ji.

Abin ya fara ne a 2017, bayan na haifi autata. Zazzaɓi na yi na kusan mako biyu, ya tafi, amma ya bar mini baƙo. Ciwo ne da ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana ƙeya da kafaɗa, gobe ya sauka ƙugu, jibi ya koma cinyoyi da tafin ƙafa. Wani lokaci kamar an yi mini dukan tsiya da taɓarya, wani lokaci kamar an shafa mini barkono a ƙarƙashin fata. Hannun rigar nono yakan dame ni. Ɗaurin zane yakan dame ni. Idan yarinyata ta rugo ta rungume ni, sai na cije leɓe don kada in ture ta. Sannan ga barci: in kwanta tun ƙarfe tara, in tashi da asuba kamar wadda ta kwana tana daka. Gajiyar ma ta fi ciwon cin rai, domin ciwo ana iya yin aiki da shi, gajiyar nan kuwa tana sa ɗaga buta ya zama shawara.

Shekara huɗu na yi ina yawon asibiti. A garin nan duk ciwon da ba a gane ba sunansa falu, wato zazzaɓin cizon sauro, idan ba shi ba ne to taifot ne. Na sha maganin falu ban san adadi ba. An yi mini allurai, an ƙara mini ruwa, an ɗebi jinina har na haddace hanyar ɗakin gwaji, an ɗauki hoton bayana sau biyu. Duk takardar da ta fito sai a duba a ce, “Madam, komai lafiya lau.” Mutane addu'a suke yi su ji wannan magana. Ni kuwa na kai matsayin da nake fita asibiti ina kuka saboda ita, ina cewa ina ma a ce an ga wani abu, ko da mummuna ne, in samu abin nunawa a gida.

A gida kowa da nasa sanin. Wasu suka ce sanyi ne ya shige ni a jego, ban yi wankan ruwan zafi yadda ya kamata ba. Wanzami ya yi mini ƙaho, na kwana uku ban iya jingina bayana ba. Na sha rubutu, na sha sassaƙe, an yi mini ruƙiyya, na shafa man habbatus-sauda har kayan mutane suka fara ɗaukar warinsa. Wata 'yar uwa ta raɗa mini cewa jifa ne, ta kuma nuna mini inda take zaton ya fito, wato ɗakin facalata. Ban yarda ba, amma ban ƙaryata ba, kuma na shekara guda ina yi wa baiwar Allah kallon da ba ta cancanta ba. Wannan yana cikin abubuwan da har yau nake jin kunyarsu. Akwai kuma wani yaro mai moto da yake kai ni kasuwa, ya tausaya mini ya kawo mini taramol, ƙwayar nan da ta lalata samari da yawa a arewacin ƙasar nan. Na sha na kwana goma sha biyu. Na ji daɗin jikina, ba zan yi ƙarya ba. Ranar da na ga hannuna na rawa yana laluben jaka tun lokacin sha bai yi ba, na zubar da sauran a masai.

A 2021 wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta matsa mini in ga likitan gaɓoɓi. Irinsu ba su da yawa a ƙasar nan, kuma akasarinsu a Yawunde da Duwala suke, don haka ko a nan na san na fi 'yar uwata ta Garwa ko Marwa sa'a. Likitar mace ce. Ta karanta tarin takarduna ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni yadda nake barci, tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini. Sannan ta sa babban yatsanta ta danna ƙeyata, da saman kafaɗa, da gefen gwiwar hannu, da ƙugu, da cikin gwiwa. Ba da ƙarfi take dannawa ba, amma kowane wuri sai na zabura. Ta koma ta zauna ta ce, “Ciwonki na gaske ne, kuma yana da suna.” Ban ji sunan ba a karon farko, saboda hawaye. Sai da ta rubuta mini a takarda: fibromiyaljiya.

Ga yadda ta bayyana mini, kuma abin da na karanta daga baya bai saɓa ba. Ba ƙashi ne ya lalace ba, ba gaɓa ce ta kumbura ba, shi ya sa jini da hoto ba sa nuna komai. Matsalar tana cikin yadda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suke karɓar saƙon zafi. Ta ce in ɗauka lasifikar masallaci ce aka murɗa har ƙarshe: ladan numfashi kawai ya yi, amma unguwa ta ji kamar tsawa. Taɓawar da wani ba zai kula da ita ba, ni tana iso mini a matsayin duka. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ma'aunin gane ciwon, wurare 18 a jiki da ake dannawa, idan 11 sun yi zafi kuma ciwon ya wuce wata uku yana yawo a jiki. A 2010 suka sake ma'aunin, aka fi ba da ƙarfi ga yawan sassan da ke ciwo, da gajiya, da rashin barci mai daɗi, da rikicewar tunani. Ana ƙiyasta mutum 2 zuwa 4 cikin 100 suna da shi, kuma mata aka fi samu da shi. Ba ya kisa, ba ya gurgunta mutum, amma har yau ba a samo maganin da yake raba mutum da shi ba. Sai dai lallaɓawa. Ta rubuta mini amitiriftilin, ɗan kaɗan da dare, ta ce in riƙa tafiya a ƙasa kullum ina ƙarawa a hankali, in kiyaye lokacin barci, in daina yin aikin kwana uku a rana ɗaya.

Na dawo gida da takardar nan kamar wadda ta ci jarrabawa. Na kai wa surukata. Hajiya ta juya takardar, ta ce in maimaita sunan, na maimaita. Ta ce, “Da Hausa fa?” Na ce ba shi da suna da Hausa. Ta miƙo mini abata ta ce, “To, Allah ya sawwaƙe. Mu dai a zamaninmu ba mu san shi ba.” Ba da mugunta ta faɗa ba. Mace ce da ta haifi tara, ta binne uku, ta yi sana'ar waina shekara talatin a bakin titi, kuma ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba. A wurinta ciwo shi ne abin da ake gani: zazzaɓi, kumburi, jini, rama. Ni kuwa maganin ma ƙiba ya sa ni. Duk wadda ta shigo sai ta ce, “Kai, masha Allahu, kin yi kyau, jiki ya yi sauƙi ke nan.” Babbar 'yata ce ta binciko mini a waya cewa mawaƙiyar nan ta Amurka, Lady Gaga, irin ciwona gare ta, har ta ɗage wasanninta na Turai a 2017 saboda shi. Na ce Allah Sarki, ita tana da ikon ɗagewa. Wa zai ɗage mini Sallah?

Wanda bai yi zama da tela ba ba zai gane abin da watan Sallah yake nufi a wurinmu ba. Shi ne kakarmu. Abin da aka samu a Sallah ƙarama da babba shi yake biyan hayar shago, shi yake zuba adashi, kuma a shekarun 2023 zuwa 2025 da Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuni, shi aka riƙa ajiyewa don kuɗin makarantar yara idan Satumba ta zo. Mako uku ake yi ba barcin kirki, ana zaune a durƙushe kan keke, masu kaya na tsaye a kai. Ga ruwan sama, ga sanyin safiyar Yawunde da ke shiga mini ƙashi. Duk abin da likita ta ce in kiyaye, watan Sallah yana ƙwace shi tun ranar farko.

A 2023 na karɓi ɗinki 38. Na san ya yi mini yawa, amma an ƙara mana kuɗin haya, kuma akwai wani abu a raina da yake son in nuna har yanzu ni ce. Ciwon nan yana da wani reshe da ban ambata ba sosai, wanda ni nake kira hazo. Kai ya cushe, kalma ta ɓace a tsakiyar magana, in tashi ɗauko almakashi in tsaya a tsakiyar shago ina tambayar kaina me na zo yi. Yakan yi tsanani idan ban yi barci ba. Saura kwana biyu Sallah, wajen ƙarfe uku na dare, na shimfiɗa wata shadda Getzner mita biyar, ruwan zuma, ta wata amarya ce da za ta yi Sallarta ta farko a gidan miji. Na buɗe littafin awo, na zana da alli, na yi bisimilla na yanka. Sai da na ɗaga gaban rigar na ga ƙanƙantarsa. Awon ƙanwarta na bi, 'yar shekara goma sha biyu, wanda ke shafin da ke kallon nata.

Na daɗe zaune da almakashi a hannu. Ko kuka ban yi ba.

Da safe uwar amaryar ta zo. Mace ce da na shekara goma ina yi wa ɗinki. Na nuna mata, na ce laifina ne, zan biya. Da ma a nan na tsaya. Sai na ƙara da cewa ba ni da lafiya, ciwon nan yana taɓa mini tunani. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce, “Haba, ke kuwa. Ki ce kin kwashi kayan da suka fi ƙarfinki mana. Kullum ba ki da lafiya, ga ki nan kin fi ni ƙiba.” Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne rabin maganarta gaskiya ce. Na ranci kuɗi a wurin uwar adashinmu, na shiga kasuwa na sayo wata shaddar da ta yi kusa da launin, wani tela namiji maƙwabcin shagona ya taimaka ya haɗa ta cikin dare. Ba a samu yin aikin wuya ba. Amarya ba ta sa kayan ba sai washegarin Sallah. Wata bakwai na yi ina biyan bashin.

A haka na shiga ranar Sallah, kwana biyu ban runtsa ba. Gidanmu babban gida ne, maigidana da ƙannensa biyu da matansu, duk a gaban Hajiya. Raguna huɗu aka yanka. Aikin maza yanka ne da fiɗa, kafin azahar sun wanke hannu sun sa manyan riguna sun fita gaisuwa. Daga nan ranar ta zama ta mata. A wanke kayan ciki, hanji ɗaya bayan ɗaya, a tsugune a bakin famfo. A kankare tumbi. A babbake kai da ƙafafu. A yayyanka nama, a ɗora manyan tukwane, a tsaya kan wuta ana juyawa cikin hayaƙi, a soya a tsame a sake zubawa. Tsakanin haka baƙi na shigowa, kowane babba sai an durƙusa masa har ƙasa, kowace 'yar uwa sai ta rungume ki ta bubbuga bayanki. Ni ce matar babban ɗa, a al'ada ni ce kan aikin. Bayan la'asar ina tsugune kan kwanon hanji na yunƙura zan tashi, ƙafafuna suka ƙi. Ban suma ba, da na suma ma da ya fi mini, da an ga abin gani. Rarrafe na yi na shiga ɗaki na kwanta da jinin rago a hannuna.

Tagar ɗakina tana kallon tsakar gida. Ina ji wata baƙuwa ta tambaya ina nake. Aka yi shiru. Sai muryar Hajiya, a hankali: “Tana ciki. Kin san 'ya'yan yanzu da son jiki.”

Mako uku na yi ban buɗe shago ba. A cikin makon ne na ji an fara zancen ko maigidana zai ƙaro wadda za ta riƙa taimakawa da hidimar gida. Shi bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaye shi ba. Mutumin kirki ne, shi yake sayo mini magani, bai taɓa ɗaga mini murya a kan ciwon nan ba. Amma wani dare ya zauna a bakin gado ya ce, “Ni dai abin da ban gane ba, ranar Talata kin je har Mokolo kin dawo da ƙafarki, ranar Laraba kin kasa ɗaga kofi.” Na ce masa ai saboda na je Mokolo ranar Talata ne. Ya yi shiru. Ina jin ranar ce ya fara fahimta, ni ma kuma ranar ce na fara jin abin da bakina ya faɗa.

Mutum biyu suka taimake ni na miƙe. Ta farko malamarmu ta Islamiyya ce. Ta zo dubiya ta tarar ina ƙoƙarin yin sallah a tsaye ina dafa bango. Da na idar ta ba ni labarin sahabi Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dame shi, ya kai kukansa wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ba shi izinin yin sallah a zaune, idan zaman ma ya gagara ya yi a kwance ta gefe. Na san hadisin tun ina yarinya, amma a zatona na tsofaffi ne da waɗanda ke gadon asibiti. Ta ce, “Wanda ya wajabta miki sallah ya karɓi uzurinki ba tare da takardar gwaji ba. Wankin hanji ne ya fi sallah?” Ta biyu kuwa facalata ce, wadda na taɓa zargi. Ita ta riƙe mini yara, ita ta riƙa kawo mini ruwan zafi safe da yamma, ba ta taɓa tambayata ko da gaske nake ba.

Na koma bayan littafin awona na buɗe sabon shafi. Kullum in rubuta abin da na yi da yadda na tashi washegari. Cikin wata biyu lissafin ya fito fili, kamar na cefane. Kowace safiya ana ba ni ɗan abin kashewa, wata rana da yawa, wata rana kaɗan. Awa biyu a kan keke ba tare da hutu ba tana cinye rabi. Hawan tudun unguwarmu da kaya a hannu yana cinye sauran. Ɓacin rai ma yana da farashi, kuma mai tsada ne. Idan na kashe fiye da abin da aka ba ni, daga gobe na ranto, ita kuwa gobe ba ta yafe bashi, ninkawa take yi.

Da Sallar 2024 ta matso na karɓi ɗinki 14, na rufe littafi saura mako biyar. Na mayar da mutane da kayansu a hannu, wasu ba su sake dawowa ba. Kuɗin da na samu bai kai rabin na bara ba, ban iya sa hannu a kuɗin rago ba, kuma da Satumba ta zo sai da na sayar da 'yan kunnena. Ina faɗin wannan ne don kada wata mai irin ciwona ta ji kamar lallaɓa jiki kyauta ne.

Abu mafi wuya shi ne zuwa wurin Hajiya. Saura kwana huɗu Sallah na same ta bayan Magariba tana jan carbi. Na zauna a ƙasa na ce, “Hajiya, alfarma na zo nema.” Ta ce, “Ina jin ki.” Na ce bana ba zan iya tsugunon wankin kayan ciki ba, ba zan iya tsayuwa kan wuta ba. Na ce na yi magana da wasu mata biyu da za su zo su yi, ni zan biya su. Na ce duk aikin da ake yi a zaune a ba ni, zan yi har dare. Muryata na rawa, domin a tarbiyyar da aka yi mana suruka ba ta zaɓar aiki. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, “Baƙi su wanke mana hanjin layya, muna da mata uku a gida?” Na ce, “Biyu da rabi, Hajiya.” Ban san inda maganar ta fito ba. Ta kalle ni, ta kawar da kai, na ga kafaɗarta na motsi. Dariya take yi ba ta so in gani.

Ba ta ce ta yarda ba. Har gobe ban ji ta kira abin da ke damuna ciwo ba. Amma ranar Sallah da na fito na tarar an ajiye kujerarta mai hannu a inuwar baranda, an ɗora matashi, ga faranti da wuƙa da ledoji a gaba. Ta ce, “Ke za ki yi rabo bana. Idona ya fara rauni.” Idonta lafiyarsa ƙalau, tana zura zare a allura ba tabarau. Rabon nama a gidanmu ba ƙaramin matsayi ba ne, ita take yi tun rasuwar maigidanta. Sai an san wa ya yi mana hidima a shekarar, wace bazawara ce ba ta yanka ba, gidan wa aka manta bara har aka yi fushi, da kason maƙwabtanmu Kiristoci waɗanda su ma ba sa manta mu idan Kirsimeti ta zo. Na yi kaso 46 ina zaune, yara na ɗauka suna kaiwa. Da dare jikina ya yi ciwo, amma irin wanda na sani ne. Zancen ƙarin aure bai sake tasowa ba, ko da yake ban ɗauka an binne shi ba.

Akwai abin da kujera ba ta gyara ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, ni kuwa ƙafar ce ba ni da tabbas a kanta. A da, kwana uku nake yi ina yawon barka da Sallah, daga Tsinga zuwa Etudi zuwa Esos, tasi bayan tasi, ba na barin gidan dangi ko ɗaya. Yanzu gida biyu nake zaɓa, sauran in aika musu saƙon murya ta WhatsApp. Goggona ta Etudi ba ta amsa saƙon murya. Ta aiko a faɗa mini cewa ita ba rediyo take saurare ba. Tana da gaskiyarta: shekararta ta haura tamanin, ba ta san sauran Sallah nawa suka rage mata ba. Bana na sa ta cikin gida biyun, na tsallake gidan yayana, yanzu shi ne yake fushi.

Sai kuma babbar 'yata. Shekararta goma sha biyar. Bana ina zaune kan kujerar rabo na hango ta tsugune a bakin famfo tare da matan da na ɗauko, hannunta cikin kwanon hanji, ƙawayenta sun zo da kwalliyarsu suna jiran ta a zaure. Ba wanda ya sa ta. Ta ga gurbin da na bari ne ta shiga. Na kira ta na ce ta wanke hannu ta tafi, ta ce, “Mama, saura kaɗan.” Muryata ce sak, irin wadda nake yi wa jikina a 2023. Sai da na ɗaga murya, har Hajiya ta waiwayo, sannan ta tashi. Ta fita tana fushi da ni, ni kuma na rasa ko daidai na yi.

Uwar amaryar nan ba ta sake kawo mini ɗinki ba. Muna gaisawa idan mun haɗu a gidan biki, ta tambaye ni ya jiki, in ce da sauƙi. Shaddar da na ɓata tana ƙasan akwatina, a yanke, da zanen allin a jikinta. Na yi niyyar in haɗa wa babbar 'yata, amma shekara guda na yi ban iya buɗe ƙullin ba, ranar da na buɗe kuwa ta riga ta wuce awon. Na gwada a jikin auta makon jiya, rigar ta sauko mata har gwiwa. Shekararta takwas. Na ninke na mayar, na sa kafur.